Akun Imam Da Mai Karatu A Gaban Jama'a: Sharhi A Kan Magana Jari Ce

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani matashi daga cikinmu ya miƙe da gajeren labarinsa. Mun riga mun karanta labarin a takarda, mun kuwa san yana da kyau, domin har mun yaba masa a bayan idonsa. Amma da ya karɓi lasifika sai ya ɓata lokaci mai tsawo yana gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da digirinsa. Daga nan ya sunkuyar da kai ya kama karatu, bai sake ɗagowa ba sai da ya kai aya ta ƙarshe. Kafin ya kai rabi na baya sun soma hira ƙasa-ƙasa, wasu kuma sun sulale waje. Da ya gama aka yi masa irin tafin nan na an rabu da ƙaya. Ya koma kujerarsa jiki a sanyaye, kuma tun daga ranar bai sake kawo mana rubutu ba.

In za a faɗi gaskiya, laifin namu ne. Mukan zauna da sababbin marubuta mu koya musu jigo da salo da zubi da tsari da ƙa'idojin rubutu, amma ba mu taɓa ware ko da yini guda mun koya musu yadda ake tsayawa a gaban mutane ba. Alhali kuwa marubucin Hausa ba ya rabuwa da taro: ga zaman karatu, ga bikin ƙaddamar da littafi, ga hira a gidan rediyo, ga gayyatar makarantu. Abin mamaki shi ne, littafin da ya fi kowane koyar da wannan fanni yana hannunmu tun muna firamare, sai dai mun ɗauke shi littafin hira kawai. Muna nufin Magana Jari Ce na marigayi Alhaji Abubakar Imam. A wannan sharhi za mu ajiye daɗin labaran a gefe, mu dubi mai ba da su, wato aku, mu ga abin da ya sa ake sauraronsa.

Littafin Da Mai Shi

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a makarantar Midil ta Katsina. Sunansa ya fara fitowa ne da Ruwan Bagaja, wanda ya shigar a gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a 1933. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, inda ya yi wata 6 yana rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939. A 1939 ɗin ne kuma ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Kowane ɗaya daga cikin littattafan uku yana da nasa zaren da ya ɗinke labaran. A na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Musa ya ƙagu ya bi sawun Mahmudu zuwa fagen fama, bai san Waziri ya ci amana ya ɗana masa tarko a waje ba. Aku ne ya riƙa tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. A na biyu, akun nan da ya riga ya zama Waziri ya yi gasar ba da labari da Haziƙ, akun Sarkin Sirika. A na uku, Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar. Wato dai mai magana ɗaya ne a gaban masu sauraro iri uku: wanda ake son ceton ransa, da waɗanda ake son burgewa, da wanda ake son koyarwa.

Baki Uku A Fada Ɗaya

Kafin aku ya buɗe baki da labarinsa na farko, Imam ya riga ya nuna mana abin da kan sami mai maganar da bai duba fuskar mai sauraronsa ba. Musa ya fara neman goyon bayan matar akun ne. Ita kuwa ta faɗa masa gaskiya tsirararta, cewa fitar nan ba daidai ba ce. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa, amma ta faɗe shi ga saurayi ɗan sarki wanda zuciyarsa ke tafasa, wanda bai saba a ce masa a'a ba. Sakamakonta shi ne ya kashe ta. Baki shi ke yanka wuya, in ji masu iya magana.

A ɗaya gefen kuma ga Waziri, wanda ya iya lafazi da nuna biyayya a gaban Sarki, amma cikinsa cike da ha'inci. To, sai ga aku a tsakiya. Gaskiyar da ke bakin matarsa ita ce a cikinsa, burinsu ɗaya ne, kada Musa ya fita. Abin da ya bambanta su shi ne ya ga abin da ya faru, ya karanci yaron, ya sauya hanya. Mu a ganinmu nan ne zuciyar littafin take. Matar aku tana da gaskiya ba ta da dabara, Waziri yana da dabara ba shi da gaskiya, aku kuwa ya haɗa biyun, shi ya sa shi kaɗai maganarsa ta zama jari.

Dabarun Aku

Abu na farko da za mu lura da shi shi ne aku ba ya fara magana daga inda shi yake, daga inda Musa yake yakan fara. Duk daren da yaron ya zo da shirin fita, aku ba ya ja da shi. Yakan nuna masa yana tare da shi, ya ga dacewar abin da yake so, har ya yi kamar zai sallame shi. Da haka yake kwance wa yaron ɗamarar gardama. Mutum ba ya sauraron wanda yake ganin ya tare masa hanya, amma yakan saki jiki da wanda ya ga sun fuskanci alƙibla ɗaya.

Abu na biyu, aku ba ya cusa labari. Yakan jefa wata magana ce a cikin sallamar, ya ambaci wani mutum ko wata dabba ko wani karin magana kamar a kan hanya, ya yi shiru. Sai Musa da kansa ya tsaya ya tambayi yadda abin ya faru. Daga lokacin da ya yi tambayar nan labarin ya zama nasa, shi ya nema, dole ya tsaya ya ji ƙarshensa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu ba sa fara tatsuniya sai sun ce ga ta nan ga ta nanku, sun jira yara sun amsa da ta zo mu ji ta. Mai tallar magani a bakin kasuwa ma ba ya buɗe jakarsa sai ya tara mutane da wasa da tambaya, ya ga wuyansu ya miƙe. Duk neman izini ne. Mai maganar da bai sami wannan izini ba, ko ya yi awa guda a tsaye, da kansa yake magana.

Abu na uku, aku ya san lokaci. Yana da iyaka a gabansa, wato wayewar gari, kuma da ita yake auna labarinsa. In ya gajarta, yaro ya fita cikin dare ya faɗa tarko. In ya ja abin ya gundure shi, nan ma ya tashi ya fita. A Dare Dubu Da Ɗaya, Shaharzad takan yanke labari ne a tsakiya don a bar ta da rai zuwa gobe. Shi kuwa akun Imam yakan kai labarin ƙarshe, gobe ya sake sabon ƙugiya. Wannan ya fi wuya, domin kowane dare sai ya sake cin amanar kunnen yaron daga farko.

Abu na huɗu, yana sauya kiɗa. Yau labarin dabbobi, gobe na ɓarayi, jibi na wawaye irin su Sahoro da Sahorama, wani daren kuma na sarakuna. Ya san wanda aka ba dariya jiya ba zai yi dariya da irin abin nan yau ba. Kuma darasin da yake son yaron ya ɗauka, na haƙuri ko na illar gaggawa, a cikin labarin yake naɗe shi, kamar yadda uwa ke sa wa yaro magani a cikin kunu.

Imam Ma Aku Ne

Sanannen abu ne ga manazarta cewa Imam bai ƙagi yawancin labaran nan daga kansa ba. Ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da wasu littattafan gabas da na Turai, da kuma na gida. Shi kansa zaren aku mai tsare mutum da labari ya samo asali ne daga Indiya, ya bi ta Farisa, inda aka san shi da Tutinama. Wasu sukan kawo wannan don su rage wa Imam daraja. Mu kuwa a nan muka ga gwanintarsa.

A labarin na asali, matar wani ɗan kasuwa ce aku yake tsarewa don kada ta fita wurin wani namiji bayan mijinta ya yi tafiya. Imam ya san waɗanda zai yi wa magana: 'yan makaranta ne na Arewa da malamansu da iyayensu, a shekarun 1930. Sai ya mai da matar ta zama yarima, ya mai da fitar sha'awa ta zama fitar yaƙi, ya kawo fada da Waziri da dogarai, abubuwan da kowane yaro ya sani. Haka ya yi wa labarin kukun nan ta Jamus da ta cinye kajin baƙo, ya mai da shi Kalala da Kalalatu, miji da mata a gidan Bahaushe, har yau kuwa in an tuna Kalala yana bin baƙo a guje da wuƙa a hannu sai an yi dariya. Haka ya yi wa mai sarewar garin Hamelin, ya zama Sarkin Busa. Abin da aku ya yi wa Musa shi Imam ya yi wa masu karatunsa: ya dubi fuskarsu kafin ya buɗe baki.

Ba mu ganin haɗuwa ce kawai cewa shi malamin makaranta ne. In muka duba waɗanda Arewa ta yi alfahari da bakinsu, za mu tarar da yawansu daga aji suka fito. Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya shiga gasar 1933 da Shaihu Umar, kuma aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, ya koyar a Midil ta Bauci. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru kafin ya shiga siyasa gadan-gadan. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu a 2017, shi ma da koyarwa ya fara a Kano. Aji ba ya yi wa mutum kara. In ka gundure yara nan take za ka gani a idanunsu, ba sai an faɗa maka ba. Wanda ya yi shekaru yana karanta fuskokin yara ba zai tsaya a gaban taro ya manta da duban mutane ba.

Inda Muke Da Ja

Duk da haka, ba sharhi ba ne in yabo kaɗai aka yi. Muna da ja a wurare uku.

Na farko, Musa mai sauraro ne mai sauƙin kai fiye da kima. Dare bayan dare ana kama shi da dabara iri ɗaya, bai taɓa farga ya ce yau kam ba zan tambaya ba. Yaron da ya iya kashe tsuntsuwa don ta saɓa masa, da wuya a ce ya zama rago haka a hannun mijinta. Da Imam ya sa wani dare dabarar ta ƙi ci, aku ya shiga uku ya nemi wata, da mun ƙaru da darasin da ya fi kowane amfani ga mai magana, wato abin da za ka yi in ka ga jama'a sun kuɓuce maka.

Na biyu, littafin ya wuce mutuwar matar aku da sauri, kamar ita ta jawo wa kanta. Mai karatu na iya fita da fahimtar cewa faɗin gaskiya kai tsaye wauta ce, kuma a gaban mai iko lallashi kaɗai ya dace. Wannan tarbiyyar fada ce, ba ko'ina take aiki ba. Akwai ranar da marubuci zai tsaya ya faɗi abin da ba a so a ji, ba tare da ya naɗe shi cikin tatsuniya ba. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur sun nuna mana haka. Sai dai ko su ɗin ma, sanin halin talakan da ke gabansu da yi masa magana da harshen da yake ji shi ya sa maganarsu ta kama.

Na uku, a ganinmu littafi na ɗaya ya fi sauran biyun rai, ko da yake na biyu da na uku suna ɗauke da wasu labaran da suka fi tsawo da ƙwari. Dalili kuwa shi ne a na ɗaya akwai abin da za a rasa. In aku ya yi sake, Musa ya halaka, shi ma ya bi matarsa. A na biyu kuwa gasa ce, kowane aku yana son a ce ya fi ɗan'uwansa, don haka hankalinmu ya koma kan labaran, mun daina jin tsoron abin da zai biyo baya. A na uku an koma makaranta, uba yana gyara ɗa. Akwai amfani a ciki, musamman ga mai koyo, domin ya nuna iya magana abu ne da ake koya da maimaici da gyara, ba gado kaɗai ba. Amma zafin nan na dare na farko ya riga ya huce.

To, a nan ne abin ya dawo kanmu. Yawancin tsayuwar da muke yi a tarurrukanmu irin ta littafi na biyu ce. Mukan miƙe ne don a ce mun iya, mu jero manyan kalmomi, mu yayyafa Turanci da Larabci inda Hausa ta wadatar, muna satar kallon babban tebur. Mun manta da Musa, wato mutumin nan da ke zaune a kujerar baya, wanda ƙafarsa ɗaya ke waje, wanda in ba mu riƙe shi ba zai tashi.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Ga 'yan'uwa masu tasowa, ga abin da muka tsinta daga wannan nazari.

Kafin ranar taro, a tambayi su wa za su zo. Abin da za a karanta wa 'yan sakandare daban, na gaban malaman jami'a daban, na taron mata a unguwa daban. A zaɓi yankin da zai iya tsayawa da ƙafarsa, mai rikici a ciki, ba lallai sai babi na ɗaya ba.

A karanta shi da ƙarfi a gida, a gaban ƙane ko abokiyar zama, ana duban agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk jimlar da numfashi ya yanke kafin a kai ƙarshenta, a raba ta biyu. Duk inda mai sauraron ya soma wasa da yatsunsa, a sa alama, wurin yana bukatar aski. Abin da ido ke haƙuri da shi a takarda, kunne ba ya haƙuri da shi, domin mai karatu yana iya komawa baya, mai sauraro kuwa abin da ya wuce shi ya wuce.

A gajarta gaisuwa. Girmama manya wajibi ne a al'adarmu, amma mai gabatarwa ya riga ya jero su. Gaisuwa ɗaya mai ladabi ta wadatar, sannan a jefa ƙugiya: tambaya, ko ɗan abin da ya jawo aka rubuta labarin, wani abu dai da zai sa a ce a zuci, to sai me ya faru?

A riƙa ɗaga kai. A ƙarshen kowane sakin layi a dubi mutane, gaba da baya, dama da hagu. A bar kowane tauraro da muryarsa, kada tsohuwa da ɗan sanda su yi magana da sauti ɗaya. In an zo wurin dariya a dakata a bari a yi ta. Shiru ma magana ce. Masu waƙa kuma su tuna rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa aka yi ta, in tana da amshi a koya wa jama'a su riƙa karɓa, domin wanda bakinsa ke cikin waƙa ba ya tashi ya bar ta.

Daga ƙarshe, a sauka tun ana marmari. Aku bai taɓa bari rana ta take yana surutu ba.

Kammalawa

Sunan da Imam ya ba littafinsa ya isa tunani. Jari ba kuɗin ajiya ba ne, sai an fita da shi kasuwa an juya shi da mutane sannan yake haihuwa. Haka rubutunmu yake. Komai kyansa, in muka tsaya a gaban jama'a muka kasa miƙa musu shi, mun koma gida da kayanmu ba a taya ba.

Shawararmu ga shugabannin rassa ita ce a riƙa ware wani ɓangare na zaman karatu don wannan, a sa mai koyo ya tsaya ya karanta shafi biyu, a gyara masa tsayuwa da murya cikin mutunci kamar yadda ake gyara masa rubutu. Shi kuma matashin nan namu, in wannan fitowa ta isa hannunsa, muna ba shi haƙuri, muna kuma roƙonsa ya dawo da labarin nan nasa. Labarin ba shi da laifi, mu ne ba mu nuna masa yadda ake riƙe Musa ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa mu amfana da abin da ya bari.